Abin da Ya Riga Sarkin Sama: Asalin Tunanin Abin Bauta a Mahangar Mabiya Tao

Akwai wata gajeriyar jimla a ƙarshen babi na 4 na Daodejing, babban littafin mabiya Tao, da na daɗe ina komawa kanta, domin a ganina ita ce mabuɗin fahimtar yadda mabiya Tao na ƙasar Sin suke kallon asalin tunanin abin bauta. Mai littafin yana cikin siffanta abin da ya kira Tao, ya ce fanko ce amma duk yadda aka yi amfani da ita ba ta ƙarewa, ya ce zurfinta ya sa ta yi kama da kakar dukkan abubuwa, sannan ya rufe da cewa bai san 'yar wane ne ita ba, sai dai ga dukkan alamu ta riga Di wanzuwa. Wannan Di shi ne babban abin bautar tsofaffin sarakunan Sin, mai iko da ruwa da iska da nasarar yaƙi, kuma sau ɗaya tak aka ambace shi a cikin babi 81 na littafin. A wannan ambato guda ba a zage shi ba, ba a kuma musanta samuwarsa ba. Matsayi kawai aka sauya masa, aka mayar da shi na baya, kamar ƙanin da ya daɗe yana ɗaukar kansa babban wa a gida har ranar da aka nuna masa cewa akwai wanda aka haifa kafin shi.

Ni Musulmi ne, kuma abin da ya kai ni ga waɗannan littattafai shi ne son sanin yadda wata al'umma mai tsohon tarihin rubutu, wadda ba ta gaji labarin Annabi Ibrahim ba, ta yi kokawa da tambayar da kowane ɗan Adam yake yi. Zan kuma riƙa kiran Tao da lamirin mace. Sinanci ba ya raba sunaye zuwa namiji da mace kamar yadda Hausa take yi, amma ma'anar kalmar ita ce hanya, kuma littafin da kansa yana yawan kamanta ta da uwa, saboda haka tun da harshenmu ya tilasta mini zaɓi, na bi wanda ya fi kusa da nassin.

Ba za a gane nauyin waccan jimla ba sai an san wane ne Di. Mafi tsufan labarinsa yana kan ƙasusuwan duba na daular Shang, wadda ta yi mulki daga wajen 1600 zuwa 1046 kafin Miladiyya. A 1899 ne wani masani mai suna Wang Yirong ya gane cewa zanen da ke jikin wasu tsofaffin ƙasusuwa da ake sayarwa a matsayin magani rubutu ne, kuma daga 1928 aka fara haƙa a hukumance a Anyang, cikin lardin Henan, inda fadar ƙarshe ta daular take. An tattara gutsattsari kimanin 150,000 na allon kafaɗar shanu da ƙoƙon cikin kunkuru. Yadda ake duban shi ne, a fafe ƙananan ramuka a bayan ƙashin, a ɗora musu abu mai zafi har ya tsage, sai sarki ya karanta tsagar, sannan a sassaƙa tambayar a jikin ƙashin, wani lokaci har da amsar da abin da ya faru daga baya. Mafi yawan waɗannan rubuce-rubuce sun fito ne daga zamanin Sarki Wu Ding, wanda ya yi mulki wajen 1200 kafin Miladiyya, da sarakunan da suka biyo bayansa.

Wanda ya bi tambayoyin da ke kan ƙasusuwan zai ga cewa Di sarki ne ta kowace fuska. Yana ba da umarni ga ruwan sama da tsawa, yana saukar da fari, yana amincewa ko ya ƙi amincewa da gina sabon gari, yana iya barin abokan gaba su afka wa ƙasa. Yana da fadawa da 'yan aike, har iska ma ana kiranta manzonsa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, mutanen Shang ba su cika miƙa masa hadaya kai tsaye ba. Shanu da tumaki da giyar gero, da fursunonin yaƙi da ake yankawa wani lokaci ɗaruruwa a lokaci guda, mafi yawansu ga kakannin sarki da suka mutu ake miƙa su, bisa fatan su ne za su yi kamun ƙafa a sama. Duk wanda ya san fada ya san wannan tsari, domin talaka ba ya tunkarar sarki da buƙatarsa, sai ya bi ta kan mai unguwa da dagaci da hakimi, kowa da gaisuwarsa. Bugu da ƙari, kalmar di ɗin nan ita ce aka riƙa laƙaba wa iyayen sarakuna da suka rasu, shi ya sa sarakuna biyu na ƙarshe a daular ake kiransu Di Yi da Di Xin, kuma ita ce rabin laƙabin huangdi da sarkin Qin ya ƙirƙira wa kansa a 221 kafin Miladiyya bayan ya haɗe ƙasar. Sunan abin bauta da sunan mai mulki sun fito daga tukunya ɗaya tun farko.

Da mutanen Zhou suka kayar da Shang a yaƙin Muye wajen 1046 kafin Miladiyya, sai suka zo da nasu sunan, wato Tian, Sama, suka haɗe shi da Di, suka kuma ƙara masa wani abu da ba a bayyane yake a da ba, wato adalci. Suka ce Sama tana ba da amanar mulki ga gidan da ya kyautata wa talakawa, tana kuma ƙwacewa idan ya lalace, saboda haka juyin mulkin da suka yi aikin Sama ne, sarkinsu kuwa Ɗan Sama. Wannan hujja ta yi musu aiki na ƙarnuka kusan uku. A 771 aka ci babban birninsu aka kashe Sarki You, gidan sarauta ya yi ƙaura zuwa gabas wajen Luoyang, daga nan kuma ikonsa ya riƙa zagwanyewa har ƙasar ta faɗa zamanin da ake kira na ƙasashe masu yaƙi da juna, daga 475 zuwa 221. A cikin tsofaffin waƙoƙin Zhou akwai waɗanda mawaƙa suke kai ƙarar Sama da kanta, suna tambayar dalilin da ya sa marar laifi yake halaka tare da mai laifi.

Masana suka rabu a kan amsa. Konfushiyas ya ce a girmama aljanu da ruhohi amma a yi nesa da su, a mayar da hankali ga haƙƙin mutane. Mozi ya dage cewa Sama tana da nufi, tana son mutane su ƙaunaci juna, kuma ruhohi suna sakayya da azaba, har ya yi hujja da cewa rashin yarda da haka ne ya lalata zamani. Xunzi kuwa ya ce idan aka yi roƙon ruwa aka samu ruwa, daidai yake da a samu ruwa ba a yi roƙo ba. A tsakiyar wannan muhawara Daodejing ya fito. Al'ada ta danganta shi ga Laozi, wanda masanin tarihi Sima Qian ya ce ma'ajin littattafai ne a fadar Zhou, da ya ga lalacewar al'amura sai ya nufi yamma, mai gadin mashigar dutse ya roƙe shi ya bar rubutu, ya rubuta kalmomi kimanin 5,000 ya wuce. Masu bincike na yanzu sun fi karkata ga cewa littafin tarin zantuka ne da aka harhaɗa a hankali, kuma mafi tsufan kwafinsa shi ne wanda aka tono a 1993 a Guodian, lardin Hubei, rubuce a kan sillayen gora cikin wani kabari na wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya, sai kuma kwafi biyu na kan siliki da aka samu a 1973 a Mawangdui, cikin kabarin da aka rufe a 168 kafin Miladiyya.

Sauran masanan suna jayayya ne a kan halin Sama, ko tana ji ko ba ta ji, ko tana sakayya ko ba ta yi. Mai Daodejing ya koma baya da taki guda ya tambayi daga ina ita Saman ta fito. Babi na 25, wanda yana cikin abin da aka samu a Guodian, ya ce akwai wani abu cakuɗaɗɗe amma cikakke da ya wanzu kafin sama da ƙasa, shiru, ba shi da siffa, yana tsaye shi kaɗai ba ya sauyawa, ana iya ɗaukarsa uwar duniya. Mai maganar ya ce bai san sunansa ba, lakabi kawai ya ba shi da ya kira shi Tao. Sannan ya jera silsila: mutum yana koyi da ƙasa, ƙasa tana koyi da sama, sama tana koyi da Tao, Tao kuma tana koyi da ziran. Wannan kalma ta ƙarshe tana da wuyar juyawa zuwa Hausa. Mafi kusa shi ne a ce kasancewar abu yadda yake da kansa, ba tare da wani ya sa shi ba. Wato idan mutum ya hau tsanin har ƙarshe yana neman wanda yake ba da umarni, ba zai tarar da karaga ba.

Littafin ya nanata wannan ta hanyoyi da dama, kuma kusan kullum da kalmomin da ke kore siffofin sarauta ɗaya bayan ɗaya. Tao tana haifarwa amma ba ta mallaka, tana aiki amma ba ta gori, tana rainon abubuwa amma ba ta mulkarsu, kamar yadda babi na 51 ya faɗa. Babi na 34 ya ce dukkan abubuwa gare ta suke komawa, duk da haka ba ta zama ubangidansu. Ko aikatau ɗin da aka zaɓa yana da muhimmanci, domin babi na 42 cewa ya yi Tao ta haifi ɗaya, ɗaya ya haifi biyu, biyu ya haifi uku, uku ya haifi abubuwa dubu goma. Haihuwa ce, kuma uwa ba ta zana fasalin ɗanta a takarda kafin ta haife shi, ba ta kuma umartarsa ya kasance. Babi na 5 shi ne ya fi tsauri, inda ya ce sama da ƙasa ba su da jinƙai, suna ɗaukar dukkan abubuwa kamar karnukan ciyawa. Littafin Zhuangzi, wani tsohon littafin mabiya Tao, ya bayyana mene ne waɗannan karnuka: ana saƙa su da ciyawa don hadaya, a ajiye su cikin akwati a lulluɓe da ƙyalle mai ado, amma da zarar an gama biki sai a yar da su, masu wucewa su tattake, masu neman makamashi su kwashe su hura wuta. Kwatancen daga wurin ibada aka ɗauko shi, kuma ina jin da gangan ne.

Amma bai kamata a yi gaggawar cewa littafin ya kore ruhohi da alloli ba, domin bai yi haka ba. Babi na 39 ya lissafa abubuwan da suka sami Ɗaya, ya ce sama ta same shi ta yi garau, ƙasa ta same shi ta natsu, ruhohi suka same shi suka zama masu tasiri. Zhuangzi, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin Miladiyya, ya fi fitowa fili a babi na 6 na littafin da ke ɗauke da sunansa, inda ya ce Tao ita ce tushen kanta da saiwar kanta, tana nan tun kafin sama da ƙasa, kuma ita ce ta ba aljanu da Di kwarjininsu. Alloli a wannan mahanga suna cikin abubuwa dubu goma, tare da tururuwa da duwatsu da mutane, sai dai jikinsu ya fi laushi, kuma ƙarfinsu aro ne.

To idan haka ne, me ya sa mutane suka ɗaga ɗaya daga cikin abubuwan suka ɗora shi a kan komai? Daodejing bai ware babi don wannan tambaya ba, amma idan aka haɗa maganganunsa amsar tana fitowa, kuma ta fara ne daga suna. Babi na 1 ya ce marar suna shi ne mafarin sama da ƙasa, mai suna kuwa uwar abubuwa dubu goma. Babi na 32 ya kamanta Tao da gungumen icen da ba a sassaƙa ba, ya ce sai an fara yanka shi sunaye suke bayyana, kuma da zarar sunaye sun bayyana ya kamata a san inda za a tsaya. Mutum yana jin cewa akwai wani abu a bayan tsarin damina da rani, da haihuwa da mutuwa, kuma wannan jin gaskiya ne a wurin mabiya Tao. Kuskuren yana zuwa ne a lokacin da ya nemi ya kama abin da suna, domin ba shi da inda zai ɗauko suna sai daga abin da ya sani, mafi girman abin da ya sani kuwa shi ne sarki. Ko mu da muke da kalmar Allah daga Larabci, da muka nemi ta gida sai muka ce Ubangiji, wato uban gida, muka ɗauko ta daga tsakar gidanmu.

Zhuangzi ya ba da wani labari a ƙarshen babi na 7 da nake ganin babu wanda ya fi shi bayyana wannan. Sarkin Tekun Kudu sunansa Shu, sarkin Tekun Arewa sunansa Hu, sarkin Tsakiya kuwa Hundun, wato dunƙulen da ba shi da fuska, kuma dukkansu uku da kalmar di aka kira su. Shu da Hu sukan haɗu a ƙasar Hundun, shi kuma yana karɓarsu da karamci, sai suka yi shawarar su rama alheri. Suka ce kowane mutum yana da ƙofofi bakwai da yake gani da ji da ci da numfashi da su, wannan bawan shi kaɗai ba shi da ko ɗaya, bari mu huda masa. Suka riƙa huda ƙofa ɗaya kowace rana, a rana ta bakwai Hundun ya mutu. Garin neman gira aka rasa ido. Masu sharhi sun karanta labarin ta fuskoki da yawa, wasu a kan mulki wasu a kan tarbiyya, amma ni abin da nake gani a ciki shi ne baƙi biyu masu kyakkyawar niyya da suka kasa jure wa mai masaukin da bai yi kama da su ba. Ba ƙiyayya ce ta kashe Hundun ba, godiya ce, kuma wannan ya sa labarin ya fi duk wani zargi da ake yi wa masu addini na cewa yaudara suka shirya zurfi.

Shi kansa Zhuangzi bai rufe ƙofar tambayar ba. A babi na 2 ya siffanta iska tana kaɗawa a daji, kogunan manyan itatuwa masu kama da hanci da baki da kunne kowane yana fitar da irin kukansa, idan iskar ta tsaya kuma duk su yi tsit, sannan ya tambaya wane ne mai busawar. Ya ce kamar dai akwai wani shugaba na haƙiƙa, sai dai ba a samun sawunsa. Yana ma amfani da lakabin mai ƙera abubuwa a bakin wasu abokai da rashin lafiya ta tanƙware, amma cikin raha yake faɗinsa. Guo Xiang, wanda ya rasu a 312 Miladiyya kuma shi ne ya tsara littafin zuwa babi 33 da muke da su a yau, shi ne ya rufe ƙofar. Ya ce mai ƙera abubuwan nan ko dai babu ne ko akwai; in babu ne, ta yaya babu zai ƙera wani abu, in kuwa akwai ne, to shi ma abu ne guda cikin abubuwa, bai isa ya samar da dukkan siffofi ba, saboda haka kowane abu da kansa yake tasowa. Malaman tauhidi za su ce ya yi tsallake a rabi na biyu na hujjar, domin ya ɗauka kowane samamme irin samuwar halittu yake da ita, kuma ina tare da su a wannan.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi rashi. Babi na 38 ya ce sai da aka rasa Tao aka koma ga nagarta ta ɗabi'a, da aka rasa ta aka koma ga jinƙai, da aka rasa shi aka koma ga adalci, da aka rasa shi aka koma ga li, wato ladubba da bukukuwan ibada, ya kuma kira li ɓawon amana da mafarin rikici. Harafin li a rubutun Sinanci yana ɗauke da alamar bagadi da ta kwanon hadaya. Babin ya ci gaba da kiran sanin abu kafin ya faru furen Tao da farkon wauta, abin da masu sharhi da dama suka fahimta a matsayin suka ga masu duba. Babi na 60 ya ƙarasa zancen, ya ce mulkin babbar ƙasa kamar dafa ƙaramin kifi ne da ba ya son yawan juyi, kuma idan aka tafiyar da duniya bisa Tao aljanu ba sa nuna ƙarfi, ko sun nuna ma ba sa cutar da mutane. Ma'anar ita ce yawan hadaya da tsoron ruhohi alama ce ta ƙasar da ta rikice. Inda haraji ya yi nauyi, yaƙi ya kwashe samari, yunwa ta shigo, nan ne mutane suke ganin fushin sama a kowace tsawa, su nemi wanda za su ba toshiya.

Abin da ya faru bayan haka shi ne ya fi ba ni mamaki a duk tarihin. Mutumin da aka danganta masa littafin da ya sauke Di daga karaga, shi kansa aka naɗa shi. A shekarun 165 da 166 Miladiyya Sarki Huan na daular Han ya sa aka yi wa Laozi hadaya. Kafin nan, a 142, wani mai suna Zhang Daoling ya ce Laozi ya bayyana gare shi a dutsen Heming da ke Sichuan a matsayin Taishang Laojun, Maɗaukakin Ubangida Lao, ya ƙulla sabon alkawari da shi. Daga nan ƙungiyar Malaman Sama ta taso, wadda ake yi wa laƙabi da hanyar awo biyar na shinkafa saboda abin da kowane gida yake bayarwa, ta raba yankinta zuwa gundumomi 24, ta yi mulkin kanta har Zhang Lu, jikan Zhang Daoling, ya miƙa wuya ga jagoran yaƙi Cao Cao a 215. Sharhin Xiang'er a kan Daodejing, wanda aka samu kwafinsa a kogunan Dunhuang, ya daidaita sabon addinin da tsohon nassi da cewa Ɗaya idan ya watsu shi ne qi, wato numfashin da komai ya ginu da shi, idan ya dunƙule kuma shi ne Taishang Laojun. Abin bauta a nan kamar raɓa yake, danshin da ke cikin iska ne ya taru na ɗan lokaci har ido ya iya ganinsa.

Waɗannan malamai suna da nasu bayanin a kan asalin allolin talakawa, kuma ba su sassauta ba. Lu Xiujing, wanda ya rayu daga 406 zuwa 477, ya rubuta cewa a zamanin lalacewa ruɓaɓɓen numfashi ya ɗauki muƙamai, fatalwun jarumawan da aka ci da yaƙi suka riƙa kiran kansu janar-janar, matan cikinsu kuma uwargida, suna tilasta wa mutane yanka dabbobi har dukiyarsu ta ƙare ba tare da sun sami kariya ba. Ƙa'idar sabon alkawarin ita ce alloli ba sa ci ba sa sha, malamai kuma ba sa karɓar kuɗi. Maimakon jini sai takarda: marar lafiya ya shiga ɗakin kaɗaici ya tuna laifuffukansa, a rubuta takardar koke kwafi uku zuwa ga jami'an sama da ƙasa da ruwa, a ajiye ɗaya a kan dutse, a binne ɗaya, a nutsar da ɗaya. An kori mahauci daga wurin ibada, sai magatakarda ya shigo. Daular Han daula ce ta ofisoshi da hatimi da rajista, sai sama ma ta zama haka, abin da yake tabbatar da maganar babi na 32 a kan mabiyansa da kansu.

Daga nan abin ya yi ta bunƙasa. Aka sami Tsarkaka Uku a ƙololuwa, waɗanda ake ɗauka numfashi uku ne na farko da suka fito daga Tao, a ƙarƙashinsu kuma Sarkin Lu'ulu'u mai tafiyar da mulkin yau da kullum, wanda Sarki Zhenzong na daular Song ya ɗaukaka matsayinsa a farkon ƙarni na 11. Sarakunan Tang, da yake sunan gidansu Li ne kamar yadda aka ce na Laozi yake, sun ɗauke shi kakansu, har Gaozong ya ba shi laƙabin sarauta a 666. Fada ta riƙa yi wa alloli ƙarin girma da takardar umarni, kamar Guan Yu, jarumin da aka kashe wajen 220, wanda ya yi ta hawa mataki-mataki har aka kira shi di a ƙarshen daular Ming. Ko a madafa akwai jami'i, wanda yake hawa sama a ranar 23 ko 24 ga watan ƙarshe na shekara ya kai rahoton gidan, shi ya sa ake miƙa masa alewa mai danƙo kafin ya tafi. Mai karatu Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba idan ya tuna birnin Jangare na masu bori, da Sarkin Aljan da Ɗan Galadima da Sarkin Rafi, ko kuma iskokin Babule da suka bayyana a yankin Filinge na Nijar wajen 1925 suna ɗauke da muƙaman gwamna da kwamanda, daidai lokacin da Faransawa suka kafa nasu tsarin. Bambancin shi ne, limamin Tao da ya yi karatu ya san cewa jami'an da yake aikawa sama da takardar koke daga cikin jikinsa yake kiran su, daga numfashin gaɓoɓinsa, kuma idan an gama cikin jikin yake mayar da su.

Hukuncina a kan wannan mahanga rabi biyu ne marasa daidaito. Sukar da ta yi wa abin bautar da aka sassaƙa da siffar mai mulki, wanda ake saya da hadaya kuma ake kai wa ta hannun 'yan fada, suka ce mai kaifi, kuma wanda ya karanta Suratul Ikhlasi da ayar da ta ce babu wani abu da ya yi kama da Shi zai ji wani sashe nata bai yi masa nisa ba. Amma Tao ba ta nufi, ba ta magana, ba ta aiko manzo, ba ta hisabi, kuma duk mai cewa Tao wani suna ne kawai na Allah bai yi wa ɗayan ɓangarorin biyu adalci ba. Musulmin Sin sun riga mu fuskantar wannan. Wang Daiyu, malamin Nanjing wanda aka buga babban littafinsa a 1642, yana cikin na farko da suka rubuta aƙidar Musulunci da Sinanci, kuma ya yi amfani da kalmar Zhenzhu, Ubangiji na Gaskiya, wadda Musulmin ƙasar suke amfani da ita har yau. Ya kawo maganar babi na 1 a kan marar suna da mai suna, ya haɗa ta da makamanciyarta ta mabiya Konfushiyas, ya ce duk waɗannan suna magana ne a kan ɗayan lissafi, wato ƙwayar irin da sama da ƙasa suka tsiro daga gare ta, amma Ɗaya na Gaskiya ba ya cikin ƙidaya, shi ne ubangijin wancan ɗayan. Abin da babi na 4 ya yi wa Di, shi Wang Daiyu ya yi wa Tao bayan kusan shekara dubu biyu, kuma da kayan aikin da Daodejing ya ƙera.

A birnin Quanzhou na lardin Fujian, tsohuwar tashar jiragen ruwa da Larabawa suke kira Zaitun, akwai masallacin Qingjing da aka fara ginawa a 1009, kuma 'yan taku kaɗan daga gare shi a kan titi guda akwai haikalin Guan Yu, inda hayaƙin turare ba ya yankewa. A gindin dutsen Qingyuan da ke arewacin birnin kuma akwai mutum-mutumin Laozi da aka sassaƙa daga dutse guda a zamanin Song, tsayinsa ya haura mita 5, yana zaune da dogon gemu da manyan kunnuwa, an fitar masa da idanu da hanci da baki.